Sallar Farko Babu Baba: In Je Gida Ko In Zauna?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Abuja, ina da aure da 'ya'ya uku. Gidanmu yana cikin birnin Kano. Mahaifinmu ya rasu a farkon azumin bana (2020), lokacin da ake ta mace-macen nan a Kano ana tsaka da annobar korona, bayan zazzaɓi da sarƙewar numfashi na 'yan kwanaki. Ba a yi masa gwajin korona ba. Hanya a rufe take, ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, ƙaramar Sallah ma a nan na yi ta. Har yau ban sa Hajiyarmu a ido ba.

A gidanmu duk Babbar Sallah kowa sai ya hallara, 'ya'ya da jikoki da surukai da ƙannen Baba, mukan haura mutum arba'in. Hajiya ce ke yin masa da miyar taushe da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunyar miya. Da yamma a soya kayan ciki, washegari a sauke raguna a yi suya, ni kuma dambun nama ne aikina.

Yanzu an buɗe hanya, babban yayanmu ya ce bana ma za a taru, har ya fi na kullum, don a ɗebe wa Hajiya kewa. Hajiya ta haura saba'in, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma tana cikin takaba. Da na ce a rage taro sai Yaya ya ce boko ne ya yi min yawa, shi bai ga wata korona ba, zumunci kuma a ƙafa yake. Na kira Hajiya, ta ce min, "Ubanku ya tafi, ku ma za ku bar ni in yi Sallah da bango?" Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maigidana ya ce duk abin da na yanke yana bayana. Ina tsoron in je in kai mata ciwo daga asibiti, ina kuma tsoron in ƙi zuwa in zama 'yar da ta guji uwarta a shekarar da ta fi buƙatarta. Anti, yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Abuja

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashinsa. Kafin mu zo kan taro da tukunya, bari in taɓa abin da kika ambata a gurguje kika wuce, wato rashin samun jana'izar mahaifinki. Ina kyautata zaton shi ne a ƙasan wannan rashin barci. Ba ƙi kika yi ba, hanya aka rufe, da ke da dubban mutane irinki. To kada ki bar wannan miki ya yanke miki hukunci a kan Sallah. Yana iya ingiza ki ki tafi ido rufe don ki biya bashin da ba ki ci ba, yana kuma iya sa ki riƙe gaskiyarki da ƙarfi har ki riƙa yi wa 'yan'uwanki magana da muryar asibiti. Duk biyun ba za su haifar da ɗa mai ido ba.

Tsoron da kike ji ba waswasi ba ne. Daga ranar 11 ga Afrilun 2020 da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano, ba a daɗe ba masu haƙan kabari suka fara kokawa da yawan aiki, kusan kowace unguwa ta san gidan da aka yi rashi. A watan Yunin 2020 ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi: an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye a wancan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin da hannun korona a ciki. Mafi yawansu dattawa ne masu wani ciwo a jiki tun da can. Shekaru sama da saba'in, ga suga, ga hawan jini: Hajiya tana tsakiyar waɗanda cutar ta fi yi wa illa. Buɗe hanyoyin jihohi da aka yi ranar 1 ga Yuli ba ya nufin annoba ta kau. Mutane ne suka jigata da kulle, aljihu ya bushe, dole aka sassauta. Allurar rigakafi kuwa, zuwa wannan wata na Yulin 2020, babu ita.

Kin fi ni sanin sauran, amma zan faɗa saboda masu karatu da ke cikin irin halinki. Mutum yana iya ɗauke da cutar yana yawonsa garau, ya shafa wa wani kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji komai. Alamu kan fito bayan kwana biyar ko shida, wani lokaci har kwana 14. Inda ta fi samun yadda take so shi ne rufaffen ɗaki, mutane a matse, ana ta hira da dariya an daɗe. Yanzu ki tuno falon Hajiya da la'asar ɗin ranar Sallah. Mata sun cika shi har bakin ƙofa, an saki labule saboda maza na wucewa, fanka na juya iska ɗaya, jikoki na hawa cinyarta suna nuna mata lallensu, ga tire ɗaya hannu takwas a ciki, ga kwanon wanke hannu guda da kowa ya tsoma, ga kofin bakin randa da ya zaga gida kaf. Maza kuma daga filin Idi suke, sun gaisa da rabin gari. Wannan ne abin gudu. Dafaffen abinci kuwa ba a san cutar da bin sa ba, don haka masa da miyar taushe ba su yi laifin komai ba. Ki riƙe wannan bambanci, domin a kansa duk shawarata ta tsaya: a raba abincin da cunkoson, abinci ya zaga kowa, cunkoso ya dakata.

Sake sauraron maganar Hajiya da kyau. Ba ta ce a tara mata mutum arba'in ba, wannan lissafin Yaya ne. Ita cewa ta yi kada a bar ta da bango. Matar da ta shekara da shekaru tana jin gyaran muryar mijinta in ya dawo daga Idi, tana kai masa masar farko tun da zafinta, bana za ta tashi ranar Sallah babu kwalliya, babu turare, babu wanda za ta kai wa. Abin da take tsoro shi ne gidan ya mutu tare da mai shi, murhu ya huce, 'ya'ya su watse kowa ya kama gabansa. Tsoro ne na gaskiya, don gidaje da yawa haka suka ƙare, Sallah ɗaya aka tsallake, ta biyu aka ce sai baɗi. Duk shirin da za ki kawo, in bai amsa wannan tsoron ba, za ta ji shi a matsayin gudu komai yawan hujjarki.

Takabarta kuma ta toshe wata ƙofa. Wata huɗu da kwana goma daga farkon Ramadan zai kai ta wajen goma ga Muharram, saboda haka maganar a ɗauko ta zuwa Abuja ko gidan wani daga cikinku ba ta taso ba. A ɗakinta za ta yi Sallah. Abu na farko ke nan da za ku yi tun yanzu, ba sai jajibere ba: ku samo mata abokiyar zama. Ƙanwarta ce, ko wata Gwaggo da suke shiri, ko autarku in ba ta da hidima mai yawa, mutum ɗaya ko biyu da za su tare a gidan tun wannan makon, su taƙaita fita kasuwa da gidajen biki da na makoki, su kuma zauna har bayan Sallah. Tunda ana sa ran Sallar za ta kama Juma'a 31 ga Yuli, in suka shigo yanzu akwai ɗan tsakanin da za a ga lafiyarsu. A kwanakin farko kowa da ɗakinsa, hira a tsakar gida. Wannan kaɗai ya rage rabin damuwar.

Sai Yaya. Na san maganarsa ta ƙona miki rai, kuma bai kyauta ba da ya jefe ki da boko alhali ke ce ke kwana da marasa lafiya. Amma ki dube shi da idon rahama kaɗan. Shi ya yi jinyar, shi ya ɗauki gawa, shi ya karɓi gaisuwa a lokacin da mutane ke tsoron shiga gidan mutuwa, ya kuma sha kulle a Kano da duk abin da ya jawo na tsayawar nema. Bana ce Sallarsa ta farko a matsayin uban gida, idon dangi duk a kansa yake, ana jira a ga ko zai iya riƙe abin da Baba ya riƙe. In aka ce a shekararsa ta farko aka fasa taro, a wurinsa faɗuwa ce. Akwai kuma abin da ba zai furta ba. Ranar da ya yarda akwai korona, ranar zai fara tambayar kansa ko ita ta ɗauke Baba, da kuma wa ya shigo da ita gidan. Mutane da yawa masu cewa babu ita, wannan tambayar suke gudu. Saboda haka ina roƙonki, kada ki taɓa ɗaukar rasuwar Baba ki yi hujja da ita. Ba a yi gwaji ba, Allah Ya bar wa kansa sani, kuma kalma ɗaya a nan tana iya ɓata tsakaninku shekara goma.

Ki daina muhawarar a zauren WhatsApp na dangi. A gaban ƙanne da surukai ba zai taɓa ja da baya ba, ko da ya gane. Ki kira shi shi kaɗai bayan isha'i, ki fara da godiyar abin da ya ɗauka a madadinku, wadda nake zargin har yanzu ba wanda ya yi masa. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, ba gardamar akwai ko babu nake yi ba. Hajiya kaɗai ta rage mana, ga suga ga hawan jini, ko mura ce ta kama ta a daminar nan sai mun ji jiki. Kai ne babba, kai za ka tsara yadda kowa zai gaishe ta ba tare da an yi mata rubdugu ba." Ki bar tsarin ya fito daga bakinsa, ya zama shi ya sanar. Ko da ya sanar da shi tamkar shi ya ƙirƙiro, ki ce madalla da Yaya, ki yi shiru.

Hujjar addini tana nan da ƙarfinta, sai dai in ta fito daga bakin ƙanwa wa'azi zai ji ta. Ki nemi Baffanku ko limamin unguwa da Yaya ke jin nauyinsa, shi ya tuna masa. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma abin da ke gabanmu: a wannan shekara ta 2020 Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga 'yan ƙalilan da ke zaune a cikin ƙasar, ba maniyyaci ko ɗaya da zai tashi daga Najeriya, kuma ko a can an cire waɗanda suka haura shekara 65. A Kano ma ƙaramar Sallah ta wuce babu hawa, Sarki Aminu Ado Bayero da ya hau a watan Maris na 2020 bai yi Hawan Daushe ba. Ba wanda ya ce Hajji ya mutu ko sarauta ta rushe.

Yanzu ga yadda nake ganin Sallar za ta yiwu. Kwanakin yanka uku ne, ranar Sallah da biyu bayanta, to me zai sa a cusa komai a yini ɗaya? Kowane gida ya yi layyarsa a gidansa. A babban gida ragon Hajiya kaɗai za a yanka, Yaya ya sa wuƙa a inda Baba ke sawa, da mahauci ɗaya da yaro ɗaya ko biyu masu taya fiɗa. Gaisuwa kuma a yi ta gida-gida, a raba a kwana ukun: iyalan Yaya ranar Sallah, wasu Asabar da hantsi, wasu da la'asar, ƙannen Baba da surukai ranar Lahadi. A fito wa Hajiya da kujera bakin ƙofar ɗakinta, a shimfiɗa tabarma can gefe da tazarar kamar taku uku, kowa da takunkuminsa, a durƙusa a gaishe ta, a yi wa Baba addu'a, a ɗan taɓa hira, a tashi. Ba shiga ɗaki, ba musafaha. A ajiye buta da sabulu a soro, wani ya riƙa zuba wa wani. In kin lura, a haka ma Hajiya ta fi cin riba. A taron arba'in ba ta samun minti biyar da kowa, a nan kuwa kwana uku za ta yi tana ganin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwa biyu ne za su nemi rusa wannan tsari. Na farko ruwan sama, don ƙarshen Yuli tsakiyar damina ce. Da hadari ya taso kowa zai ruga falo, shi ke nan an koma gidan jiya. Ku yi magana tun yanzu cewa in hadari ya haɗo, masu gaisuwa sallama za su yi su tafi, ko su fake a soro, ba wajen Hajiya ba. Na biyu zazzaɓi. Lokacin sauro ne, kowa ya ji jikinsa ya yi zafi cewa zai yi maleriya ce, ya haɗiyi magani ya sa sabuwar shadda ya taho. Wataƙila ita ce, amma ba a gane bambancin da ido. Dokar ta zama ɗaya ga kowa har da Yaya: mai zazzaɓi, ko tari, ko wanda ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, shi da mutanen gidansa su gaisa ta waya.

Yara kam sai an yi haƙuri da su. Ba za ki iya hana ɗan shekara uku rugawa jikin kakarsa da bayani ba, sai dai uwarsa ta riƙe shi. A kawo su gidan kafin su fara yawon Sallah, ba bayan sun zaga unguwa ba. Barka da Sallarsu kuma Hajiya ta jera a faranti, kowa a kira sunansa ya ɗauka. Za su ɗauke shi wasa.

Abinci kuwa, a nan nake so ku saki hannu. Kada wanda ya ce wa Hajiya bana ta huta da girki. Tukunyar nan ita ce sarautarta, in kuka karɓe ta kun ƙara mata wata takabar. A kawo mata kabewa mai kyau wadda ta nuna, da yakuwa da alayyafo, da gyaɗar da aka soya sama-sama aka niƙa, da daddawa, da ƙashi mai ɓargo, ta ɗora babbar tukunyar da ta saba ɗorawa, ba ƙarama ba. Shinkafar masa a jiƙa ta tun ranar Arfa, a kai niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Ita za ta ɗanɗana ta ce tsami ya yi ko a ɗiga ruwan kanwa. Zaman gaban tanda da hayaƙin itace dai a bar wa mai taya ta, saboda ƙirjinta da hawan jinin. Da an sauke sai a jera kuloli, kowane gida da tasa, yaro ɗaya mai babur ya zaga da su tun masa ba ta huce ba. Kowane gida kuma kada ya dawo da kula haka nan: wannan ta zubo funkaso, waccan alkubus, wata sinasir, wata farfesun kai da ƙafa, ga soyayyar hanta daga ragon kowa. Da azahar ta yi, gida bakwai ko takwas suna cin miya ɗaya, ita kuma gabanta cike da kwanukan 'ya'yanta tana duba wadda ta cika gishiri. In an sa lokaci ɗaya aka haɗu a kiran bidiyo ana ci, to, amma kada a matsa mata da waya in ba ta so, tsofaffi da yawa gajiyar da su take yi.

Tunda ke ma'aikaciyar jinya ce bari in tsoma baki a aikinki: kwanukan nan duk gwaji ne ga mai suga. Ki ja kunnen mai zama da ita a kan yawan masa, a yi mata zoɓonta daban babu sukari, a rage mata soyayyen nama mai gishiri da kitse, kuma a sayi maganinta na wata guda tun kafin Sallah, don a hidima irin wannan ne ake mantawa da shi.

Saura ke. Zan faɗa miki abin da kika riga kika sani: a duk zuriyar nan ke ce kika fi kowa kusa da cutar, ba don sakaci ba, don aikinki. Hanya biyu ce a gabanki. In za ki samu hutu nan da kwana ɗaya ko biyu, ta yadda za a samu mako biyu tsakanin aikinki na ƙarshe da ranar da za ki tsaya gabanta, kuma kin killace kanki a gida a tsakanin, to ki je. Ki tafi a motar gida, ba ta haya da ake cusa mutane ba, yara su zauna, ki sauka a wani ɗaki daban, ki kuma bi dokar tabarma kamar kowa. In kin samu gwaji ki yi, amma kin san sakamako mai kyau na ranar Litinin ba ya ba da tabbacin ranar Juma'a. Ki kuma tambayi zuciyarki tsakani da Allah: ganinki na farko da ita tun rasuwar Baba, za ki iya tsayawa taku uku ba ki faɗa jikinta ba? In amsar a'a ce, ba abin kunya ba ne, amma ki sa shi a lissafi.

In hutun bai samu ba, wanda shi na fi zato a yadda asibitoci suke yanzu, ki zauna. Amma kada ki ce mata "ba zan zo ba" ki tsaya nan. Ki ba ta rana. Ki nemi hutunki ya dace da fitarta takaba a Muharram, ki killace kanki mako biyu kafin nan, ki je ki yi mata mako guda cur, ke da ita, a ɗaki ɗaya, lokacin da 'yan Sallah sun watse, gidan ya yi tsit, kewar gaske ta sauko. Da ni ce, wannan zan zaɓa ko da hutun ya samu. A ranar Sallah ke ɗaya ce cikin masu gaisuwa daga nesa. A Muharram kuwa ke za ki tsefe mata kai, ki raka ta gidajen da za ta fara fita, ku yi kukan da ba ku yi tare ba.

Yadda za ki gaya mata ma yana da muhimmanci. Kada ki shiga lissafin alƙaluma. Ki ce, "Hajiya, aikina cikin marasa lafiya yake, ina tsoron in kwaso wani abu in kawo miki, in hakan ta faru ba zan yafe wa kaina ba. Ki yafe min wannan Sallar, ranar kaza ina nan tafe, kuma sai kin gaji da ni." Sannan ki roƙe ta abu: ta koya miki miyar taushenta. Uwa takan manta fushi in aka nemi iliminta. Ranar Arfa ko safiyar Sallah ki jingina waya a kicin, ke a Abuja ita a Kano, ki ɗora taki tukunyar. Za ki tambaye ta gyaɗa nawa, ta ce "daidai misali". Ki nace ta nuna miki a ludayi, ki tambayi yaushe yakuwa ke shiga, me ya sa kabewarta ke narkewa ba ta yin gudaji, ki rubuta. 'Ya'yanki su tsaya su gani, su kuma ci abin da ake ci a gidan kakarsu a rana ɗaya da 'yan'uwansu.

Dambunki kuma kada Sallah ta zo babu shi. Ba sai kin jira naman layya ba. Ki sayi tsokar sa marar kitse tun saura kwana huɗu ko biyar, ki dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya tsotse, ki daka a turmi ya tashi ya yi laushi, ki soya a wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe ƙarau, don na damina in da sauran danshi ba ya kwana biyu. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe. Ki ƙulla na kowane gida daban da suna, na Hajiya mai sauƙin gishiri da yaji, na Yaya ya fi na kowa yawa, ki ba direban da kuka sani a tasha ya isa kafin jajibere.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan a ƙi ji, a taru. Ba ke ke da gidan ba, ba kuma za ki iya tsare ƙofa daga Abuja ba. In ta kai ga haka, ki sauko daga neman duka ki nemi abin da zai samu: a ci abinci a tsakar gida, Hajiya ta ci a kwanonta ita kaɗai da kofinta, ɗakin kwananta ya zama ba mai shiga, mai zazzaɓi kuma kada ya zo. Mai zama da ita ce za ta iya tsare waɗannan, don haka ita za ki fi riƙewa a waya. Bayan Sallah ki sa ido na mako biyu, kullum ki ji muryar Hajiya da kanki, ki tambayi awon suganta. Zazzaɓi, tari, kasala mai yawa ko numfashi sama-sama, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis. Kuma ko me ya faru, kalmar "ai na faɗa muku" kada ta fito daga bakinki.

Wani abu da kada ki manta: maigidanki. Kin ce yana bayanki, Allah Ya saka masa, amma zama a baya bai wadatar ba a nan. In ba ki je ba, akwai wanda zai ce mijinta ne ya hana ta, kuma irin wannan magana tana saurin zama a zuciyar suruka. Ya kira Hajiya da kansa tun kafin Sallah, ya sake yi mata gaisuwa, ya gaya mata da bakinsa cewa shi zai kawo ki a Muharram. Ya kira Yaya ma, ya tambaye shi ko akwai abin da zai sa hannu a kuɗin ragon Hajiya.